Yoyon Motar Baba Hammawa

Akwai wani bakanike a Gwallaga, cikin garin Bauchi, mai suna Chigozie. A nan aka haife shi, a nan ya koyi aiki. Garejinsa ƙarami ne: rumfar kwano, ramin shiga ƙarƙashin mota, sai dogon benci a inuwar darbejiya.

Matarsa da 'ya'yansa sun koma Inugu tun da surukarsa ta kwanta ciwo. Shi kaɗai yake cin abincinsa, shi kaɗai yake rufe ƙofarsa.

Ba shi da allon talla. Abin da yake ci da shi kawai sunansa ne: idan Chigozie ya gyara abu, ya gyaru. Saboda haka direbobin tasi na layin Yelwa ba sa kai mota ko'ina sai wurinsa.

Wata safiya sai ga Baba Hammawa da tsohuwar motarsa ruwan toka. Tsohon direba ne da ya yi ritaya, yana zaune can Gubi. Matarsa ta rasu, aiki kuma ya watsa 'ya'yansa Legas da Abuja.

“Injiniya, baƙin mai take zubarwa,” in ji Baba. “Duk inda na tsaya sai ta bar mini sa hannu a ƙasa. Ina jin gindin injin ne.”

Chigozie ya yi murmushi. “Baba, inda mai yake ɗiga ba nan yake fitowa ba. Gangarowa yake yi. Bari mu bi shi zuwa gidansu.”

Jama'a, ku lura da yadda ya yi, don zai amfane ku. Bai kwance komai ba. Ya wanke injin tas da kananzir, ya bar shi ya bushe. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya barbaɗa wa jikin injin hodar jarirai har ya yi fari, sannan ya tayar da mota ya zauna jira. Can sai ga siririn layi baƙi ya keto cikin hodar, tun daga sama. Ashe gasket ɗin murfin injin ne, wato robar da ke toshe bakinsa, ya tsufa ya bushe. Ya canza shi, yoyo ya tsaya.

Ranar Baba ya wuni a kan benci. Ya ba direbobi labarin hanyar Jos ta da, da yadda ake hawan tudu da motar da ba ta da birki. Aka yi ta dariya, har wani ya sayo masa gyaɗa. Sai bayan la'asar ya tafi, yana waiwaye.

Ba a yi nisa ba sai ga shi ya dawo. “Injiniya, ta sake.”

Aka wanke, aka barbaɗa hoda. Wannan karon daga wajen filta, wato matatar mai, yake fitowa. Chigozie ya ce ƙila robar bakinta ce ta lalace, ya sa sabuwa. Baba ya dawo. Chigozie ya canza suwicin mai da ke kusa da filtar. Baba ya sake dawowa, kwali ya sake yin baƙi.

Magana ta fara yawo. Ja'afaru, shugaban direbobin, shi ya fara faɗa a fili.

“Oga Chigozie, wai kai kake gyaran motar nan ko ita take gyaranka? Ɗan yoyo ya gagare ka, ina ga giyar mota?”

Ya janye tasinsa ya kai wani gareji. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Aka wayi gari sai Chigozie ya buɗe rumfa ya jera sifanoni, har azahar babu wanda ya tsaya. Idan matarsa ta kira ta tambayi aiki, sai ya ce, “Mun gode Allah,” ya canza magana.

Abin ya tsaya masa a rai. Filtar da aka ɗaure da kyau ba ta kwance kanta. Da Baba ya sake zuwa, bayan ya ɗaure ta, sai ya ɗauki farin fenti ya ja layi ɗaya daga jikin filtar zuwa jikin injin. Bai gaya wa kowa ba.

Da motar ta dawo, ya shiga rami ya haska. Layin ya rabu biyu, ɓangaren filtar ya goce gefe. Ga kuma shatin bel a jikinta, irin wanda tsofaffin direbobi ke naɗawa su murɗa idan babu kayan aiki. An sassauta ta ne kaɗan, daidai yadda za ta ɗiga ba ta tsiyaye ba. Aikin wanda ya san mota ne.

Ya leƙo ta tsakanin tayoyi. Baba yana zaune a ƙarshen bencin da babu kowa, ya sa farar rigarsa mai guga, yana kallon titi ko wani zai tsaya.

A daidai lokacin Ja'afaru ya shigo ɗaukar wata tayarsa da ya bari. Ya sunkuyo bakin ramin.

“To, malamin hoda, yau kuma me aka gano?”

Kalma ɗaya ta isa. Da zai nuna layin fentin, da kafin magariba duk tasha ta ji, sunansa ya dawo. Chigozie ya dubi layin, ya dubi tsohon. Ya sa babban yatsa ya goge fentin.

“Ban gano ba tukuna,” in ji shi.

Ja'afaru ya girgiza kai, ya garo tayarsa ya fita yana dariya.

Chigozie ya ɗaure filtar, ya wanke hannu, ya zo ya zauna kusa da Baba.

“Baba, motarka lafiyarta ƙalau,” ya ce a hankali. “Amma wata rana hannu zai zarce. Idan man ya ƙare a hanyar Gubi, injin zai buga, kuma irinsa ba a samu yanzu. Bencin nan ba sai da yoyo ake zama a kansa ba. Ka zo kawai. Ni ma ba ni da abokin hira.”

Baba ya sunkuyar da kai.

“Ɗana, a gidan nan sai in wuni ban buɗe baki ba, in ban da sallamar idar da salla. Yara suna kira. ‘Baba, lafiya?’ ‘Lafiya.’ Shi ke nan. Na ga ba a zuwa gareji haka kawai, sai da dalili.” Ya ɗago ya dube shi. “Me ya hana ka gaya wa Ja'afaru?”

“Ni suna na rasa, zan sake yin wani. Kai in aka yi maka dariya, ba za ka sake fitowa daga gida ba.”

Baba ya tashi ya shiga motarsa, ko sallama bai yi ba.

Washegari bai zo ba. Rana ta biyu ma haka. Chigozie ya share gareji, ya sake sharewa, ya zauna yana jin ƙarar Keke Napep suna wucewa. Har ya fara zargin kansa, yana cewa da ma ya bar tsohon da yoyonsa.

Shi kuwa Baba, kunya ce ta tsare shi a ɗaki. Rannan da hantsi ya yi wanka, ya tuƙa motarsa zuwa tashar Yelwa, inda direbobi suke zaune jiran layi. Ya tsaya a gabansu, ya ƙi karɓar kujerar da aka miƙo masa.

“Ja'afaru, na zo in sauke nauyi. Yaron nan ya gyara motata tun ranar farko. Ni nake sassauta filtar da hannuna, don in samu inda zan je in ji muryar mutane. Ya gano, kana tsaye a kansa, ya rufa mini asiri. In dariya ce, ni za ku yi wa.”

Babu wanda ya yi dariya. Wani ya cire hularsa ya mayar. Ja'afaru ya kasa haɗa ido da shi.

“Baba, ai da ka faɗa mana.”

“Wa yake faɗar irin wannan?” in ji Baba.

Kafin azahar tasin Ja'afaru ta tsaya a bakin rumfar Chigozie, wasu biyu na biye da ita, motar Baba a baya. Ja'afaru ya miƙa makulli da hannu biyu.

“Oga, bakina ya yi sauri. Ka yafe mini.”

Chigozie ya karɓa. “Ɗaga bonet mu gani.”

Ja'afaru ya ɗaga, sannan ya koma bayan rumfa ya fito da waya. Ya kira mahaifiyarsa a Ningi. Ta ɗauka muryarta a tsorace.

“Ja'afaru? Lafiya? Wani abu ne ya faru?”

“Babu komai, Inna. Hira kawai na kira mu yi.”

Sai ta ce, “To bari in zauna.”

Darasi: Kada ka yanke hukunci a inda ka ga matsala ta ɗiga, bi ta da haƙuri zuwa inda ta fito. Kuma idan gaskiyar da za ta wanke ka za ta tozarta mai rauni, ka rufa masa asiri, Allah ba zai bar sunanka a ƙasa ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai su karanta, amma kafin nan ku kira dattijon gidanku, ku bar shi ya yi magana har ya gaji.