Rediyon Tungar Nomau

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'a, kuma kada wanda ya katse ni sai na kai aya.

Tungar Nomau ƙauye ne na manoman albasa a kan wani tsibiri a tsakiyar kogi. Waya ba ta kamawa a can. Abin da suke da shi rediyon oba-oba ne guda ɗaya, wanda suke magana da asibitin bakin gaɓa da shi. Yana da maɓalli biyu: ƙaramin ƙarfi, mai tattalin batir amma muryarsa ba ta zuwa nesa sai wani turken eriya ya miƙa ta gaba, da babban ƙarfi, mai tsallake kogi amma yana shanye batir kamar raƙumi ya samu rijiya.

Akwai wata tsohuwa a garin, Inna Ladidi, mai 'ya'ya uku: Sallau, da Barau, da autarsu Lantana, wadda ke aiki a asibitin nan.

Wata damina ruwa ya yi ambaliya, ya tafi da jirage, ya tafi da farantin solar da ake cajin rediyon da shi. A hannun Sallau rediyon yake, shi kuwa mutum ne mai hannun jarirai, ko gishiri sai ya auna. Ya cire batir ya naɗe a leda. Ba ya kunnawa sai bayan kowace salla, minti ɗaya, a ƙaramin ƙarfi. Wannan ya zo yana son a tambayo masa shanunsa, waccan tana son a gaya wa mijinta tana lafiya, duk ya hana. Har mai gari ya hana. Kwana uku ana zaginsa, ko a jikinsa.

Ran na huɗu da hantsi, Inna Ladidi ta sa hannu a ƙarƙashin rumbu za ta jawo itace, kububuwar da ruwa ya koro ta sare ta. Sallau ya kunna rediyo, saura layi ɗaya a batir. Ya kira a ƙaramin ƙarfi sau uku, shiru, domin ruwa ya kayar da turken da ke miƙa maganarsu gaba. Hannun tsohuwa kuwa sai kumbura yake, dasashinta ya fara jini.

Barau ya ce, "Yaya, murɗa shi zuwa babba."

Sallau ya ce, "Babba zai cinye shi kafin ka rufe baki. A ƙarami muna da kira goma."

Barau ya ce, "Kira goma da ba mai ji, me za su yi wa Inna?"

Ya fizge rediyon ya rataya a wuya, ya hau rimin bayan masallaci har ƙololuwa. Sai da ya tsara maganarsa a zuci, ya zubar da sallama da gaisuwa, sannan ya murɗa ya ce, "Tungar Nomau, kububuwa, Ladidi, a kawo allura." Ya maimaita, bai ƙarasa ba rediyo ya mutu. Ya sauko, bai san ko ya ceci uwarsa ko ya kashe ta ba.

A asibiti ma babu wuta, kuma doka ita ce a kunna rediyo lokacin salla kawai. Lantana ta ƙi bin dokar. Tun ranar da ruwa ya zo ta ciro batirin babur ɗin mijinta ta haɗa, ta bar rediyo a buɗe yana ta shuu, har abokan aiki suka ce ta dame su. Tana cikin wanke wa wani ciwo ta ji murya can ƙasa-ƙasa, kalma biyu kawai: "kububuwa" da "Ladidi". Ta ɗauki allurar dafin maciji, ta tsaya a kan mai jirgin inji har ya yarda ya shiga ruwan. Kafin la'asar tana gaban uwarta, kuma tsohuwa ta tashi.

Da ruwa ya janye aka kawo sabon batir, mai gari ya ce dole rediyo ya zauna a hannun mutum ɗaya cikin ukun nan, wanda maganarsa ce za ta zama ta ƙarshe ranar da aka sake shiga irin wannan. Lantana ta ce in ita ce, za ta dawo gida. Aka tambayi Inna Ladidi, ta ce ita duka ta haifa, kada a sa ta a ciki.

To, ga wata damina nan tafe, kuma iyayenku ne a kan tsibirin. A hannun wa za ku sa rediyon?