Murhun Cindo Guda Tara

A zamanin da daji ya fi gona yawa a yammacin gulbi, an yi wani maharbi mai yatsa shida a hannun dama, ana ce masa Cindo. Makaɗa na yi masa kirari da na Tasalla, baƙin gumi, mai harbi ɗaya biyu su faɗi. Ya bar mahaifiyarsa Tasalla a gabas, ya ƙetare ruwa, ya kashe wata ɓauna da ta hana mutane wani kwari shekara da shekaru. A wurin ya haɗa duwatsu uku ya hura wuta da busasshen kashinta. Masu ba da tarihi sun ce wutar nan ruwan sama ba ya kashe ta, kura da zaki kuma ba sa kusantar hayaƙinta. Jama'a suka taru, wurin ya zama gari, aka sa masa Murhun Cindo.

To, maharban wancan lokaci suna da wata al'ada. Duk wanda ya ɗebi garwashi a murhun wani ya je ya kafa zango, da sunan mai wutar zai kira wurin. Shi kuwa Cindo ba ya iya cewa a'a. Kowa ya zo da tsingaro sai ya cika masa, bai taɓa zama ya yi tunanin inda abin zai kai ba. Kafin shekara goma an sami garuruwa tara a daji guda, kowanne Murhun Cindo. Gishirin da aka aiko masa ya sauka a wani, baƙinsa su kwana a wani. Ya yi ta ƙorafi, ana ba shi haƙuri, ana kuma ci gaba da abin da ake yi.

Da ya ga ya zauna da gindinsa, sai ya roƙi wani madugu ya taho masa da tsohuwarsa. Wata biyu suka wuce shiru. Ran nan ya ci karo da madugun a kasuwa.

"Ina Inna?"

"Ai na sauke ta tuni, a Murhun Cindo."

"Wanne?"

"Wanda na fara tararwa mana. Ni na san guda nawa ne?"

Cindo ya ji kamar ya shaƙe shi. Ga hadari ya fara haɗuwa, in rafukan dajin suka cika sai bayan wata huɗu a ƙetare, tsohuwa kuma ga ta da tari. Yana tsoron ta mutu a hannun baƙi bai sa ta a ido ba. Ya saɓa baka ya kama hanya.

A gari na farko aka ce masa: "Inna? Ta yi mana kwana shida. Mun yanka mata rago, muka raka ta gaba." Ya tambaya me ya hana su aiko masa. Suka dubi juna, suka ce ai uwar mai wuta ce, gidanta ta zo, wa ke aika saƙo don uwa ta zo gida? A na biyu haka, a na biyar haka. Kowane gari sai ya riƙe ta ya sha albarka, sannan ya miƙa ta ga na kusa, babu wanda ya yi hankalin miƙa ta ga ɗan da ta haifa. Cindo ya rantse sai ya kashe wutar garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nemi sunan ubansa ya sa wa garinsa.

A na ƙarshe, can ƙetaren wani rafi, ya same ta zaune a inuwa tana kaɗi, ta yi ƙiba, tarin ma ya tafi. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya suri tulu ya nufi murhun garin.

"Ajiye tulun nan," in ji Tasalla. "Shekara goma sha biyu ina kwana da tunanin kana daji kai kaɗai, ba mai ba ka ruwa. Gari takwas na shiga, duk inda na ce ni ce uwar Cindo sai dattawa su miƙe tsaye. Yanzu ka zo ka kashe mini su?"

Cindo ya ajiye tulun. A ranar ruwa ya sauka, rafi ya cika, sai ga Cindo ya yi damina cur yana baƙo a garin da ke amsa sunansa, yana cin tuwon mutanen da ya zo hukuntawa. Da kaka ya ce su tafi gida, tsohuwa ta ce ƙafarta ta gaji, kuma nan ma gida ne. A nan ta rasu bayan shekara uku, shi ya sa ta a kabari da hannunsa.

Har yau garuruwan nan tara suna nan da suna ɗaya, masu kai saƙo na ta tsine wa hanya. In ka tambayi wanne ne na asali, kowa zai buga ƙirji ya ce nasu. Guda ɗaya tak aka yi wa ƙari don a bambanta shi, ana ce masa Murhun Cindo na Inna. Wanda shi Cindo ya kashe ɓauna ya kafa da guminsa kuwa, ko jikokinsa ba su yarda da juna a kan wanne ne ba.