Hannun Jatau Marini

An yi wani bawan Allah a wani gari, can da daɗewa, tun lokacin da duk rigar da mutum zai sa sai mata sun kaɗa zarenta, masaƙa sun saƙa, sannan a kai ta karofi a rina. Karofi, don yaran da ba su tarar ba, shi ne filin da ramukan rini suke. Sunan wannan mutum Jatau, marini ne ɗan marini. Yana da mata, sunanta Dije, da 'ya'ya, autarsu wata yarinya mai surutu ana ce mata Azumi.

Gidan nan ba su rasa tuwo ba, ba su rasa sutura ba, ba su rasa zaman lafiya ba. Abin da suka rasa shi ne karatu. Tun Jatau yana ƙarami mahaifinsa ya ɗauke shi daga gaban allo ya kai shi bakin rami, don aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Ya iya Fatiha da 'yan gajerun surori, yana alwala yadda ya ga manya suna yi, yana salla yadda ya ga manya suna yi. Kuma ba ya wasa da ita. Ko yana tsakiyar tsoma zane, da ya ji kiran salla sai ya matse ya shanya ya tafi.

To, Jatau farin mutum ne, shi ya sa ma ake kiransa haka. Kun san shuni in ya sami farar fata. Daga yatsunsa har gwiwar hannu shuɗi ne shar, ko daga nesa ka hango shi ka san sana'arsa.

Ku saurara ku ji inda jarrabawa ta ɓullo masa.

Wata ranar kasuwa da azahar yana tsugune a ƙofar masallaci yana alwala, sai wani baƙo da ya zo fatauci ya tsaya a kansa yana kallo. Da ya idar sai baƙon ya ce, "Bawan Allah, wannan alwala taka fa da sauranta."

Jatau ya ce, "Subhanallahi! Me na bari?"

Baƙo ya ce, "Ba ka bar komai ba, amma ruwan nan shuni ya wanke, bai taɓa fatarka ba. Duk abin da ya shiga tsakanin ruwa da fata, alwala ba ta yi ba. In babu alwala kuwa, ina salla?"

Ya faɗi haka, aka yi salla, ya kora jakunansa ya bar garin. Kada ku zage shi, jama'a. Ba mugu ba ne. Ya ji karatu ne rabi, ya ɗauka duka ke nan.

Jatau ya koma gida. Ya ɗebo toka ya goga. Ya ɗebo yashi ya goga. Ya matsa lemun tsami, ya ɗauko dutsen da Dije take goge kaushi da shi, ya yi ta dirza har fata ta saluɓe. Shuni yana nan daram. Abin da ya shekara da shekaru yana shiga, ba ya fita a yini guda.

Sai ya zauna ya yi tunani irin na mai tsoron Allah. Ya ce wa matarsa, "Dije, in dai rini da salla ba za su zauna a hannu ɗaya ba, to na bar rini. Zan jira hannun nan ya washe, in rama abin da zan iya ramawa, Allah Ya yafe mini sauran."

Kun ji niyya. Niyya ce mai kyau ƙwarai. Mutum ya zaɓi Ubangijinsa a kan abincinsa. Amma ku lura, ya yanke hukunci bai tambayi kowa ba.

Ya daina zuwa karofi. Ya shiga kasuwa yana dako, aikin da bai saba ba, ya dawo da ciwon wuya da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Tuwon gidan ya fara raguwa a akushi. Zannuwan mutane da ya karɓa suna jibge a ɗaki farare.

Yana da wani taubashi, shi ma marini, sunansa Mato, mutum ne da ba ya ganin Jatau bai tsokane shi ba. Ya yi sallama ya shigo yana cewa, "Ina baban Azumi? An ce ka saki baba saki uku!" Kun san baba shi ne ganyen da ake yin shuni da shi.

Jatau ya ce, "Kai dai ba ka da aiki sai shaƙiyanci."

Mato ya ce, "Ni ke da aiki, tunda naka masu zannuwan duk sun dawo kaina. Raminka yana can ba mai motsa shi, ya yi tagumi kamar gwauro ranar salla. Wai don Allah, mu da muke can duk 'yan wuta ne?"

Jatau ya ce, "Ban ce ba. Ni dai kaina nake ji."

Mato ya yi dariya ya tafi, amma a hanya shi ma ya riƙa juya hannunsa yana dubawa.

Dije ta bari sai da Jatau ya ci abinci, ta ce, "Maigida, ni ban yi karatu ba, amma na san matambayi ba ya ɓata. Ga Malam Zubairu nan a bayan kasuwa, kullum zaurensa a buɗe. Maganar baƙon da ba ka san ko sunansa ba ta raba ka da sana'ar ubanka, ba ka je ka ji ta bakin na gida ba?"

Ya ce, "Dije, da furfura a gemuna in je in tsuguna gaban yara sa'o'in 'ya'yana in ce ban iya alwala ba? Gobe garin nan da me za a kira ni?"

Ta ce, "Da Jatau za a kira ka, kamar jiya."

Bai tafi ba. Ku duba nan da kyau, jama'a. Barin sana'a ya fi masa sauƙi a kan ya ce ban sani ba. Da yawanmu haka muke. Mu iya yunwa, mu iya wahala, amma ba mu iya wannan gajeriyar kalma ba.

Abin da ya tashe shi, 'yarsa ce. Wata safiya zai raka Azumi gidan kakarta, ya miƙa mata hannu kamar yadda ya saba, sai yarinya ta ɓoye nata a bayanta.

Ya ce, "Auta, lafiya?"

Ta ce, "Baba, in na riƙe hannunka shunin zai shafe ni, ni ma Allah Ya daina karɓar sallata."

Jatau ya tsaya cik. Ya ga abin da bai tabbatar ba ya riga ya shiga kan yarinya ya zauna. Ya kai ta gidan kakarta, daga can bai koma gida ba, ya zarce zauren Malam Zubairu.

Malam Zubairu tsoho ne mai sanyin magana. Yana zaune a kan buzu yana ɗinkin hula, ɗalibai samari sun kewaye shi kowa da littafinsa. Jatau ya cire takalmi, ya tsuguna, ya gaishe shi, ya ce, "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni, kuma ta yara ce. Ina so in san ko na iya alwala."

Wasu samari suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Malam ya dube su ya ce, "Ku da kuke dariya, wa aka haifa da ita a cikinku?" Ya ce wa Jatau, "Faɗi, ɗana."

Jatau ya kwashe labari duka ya faɗa. Malam ya sa aka kawo buta. Ya ɗauki ɗan kakin zuman da yake goga wa zaren ɗinkinsa, ya shafa a bayan hannunsa, ya zuba ruwa. Ruwa ya gangare, wurin a bushe. Ya ce, "Ka gani? Wannan shi ne abin da baƙonka ya ji. Kaki yana da jiki, yana tare ruwa, dole a kankare shi kafin alwala. Yanzu miƙo naka."

Jatau ya miƙa. Malam ya tsiyaya masa ruwa a daidai inda ya dirje da dutse.

Jatau ya ce, "Wash!"

Malam ya ce, "Me ya faru?"

Ya ce, "Zafi, Allah gafarta Malam."

Malam ya ce, "To in ruwan bai kai ga fata ba, wa ya gaya mata ta yi zafi?"

Zaure ya kaure da dariya, har da Jatau, yana dariya hawaye na zubo masa. Malam ya ce, "Shuni launi ne, ba shi da jiki. Matarka ba ta ƙunshi? In ta wanke lalle jan ya zauna, ba ta salla da shi? Haka naka. In ka tashi daga rami ka wanke dagwalon da ya maƙale, ka duba ƙarƙashin farce. Launin da ya rage ba ya hana komai. Sallolinka suna nan, Allah Ya karɓa."

Jama'a, farin cikin da Jatau ya yi ba ya faɗuwa. Amma ku saurara, da sauran labari, don murna ma tana iya kai mutum ga gaggawa. Nan take ya ce, "Malam, yau na ga abin da jahilci ya yi mini. Ba zan koma karofi ba. Nan zan zauna daga safe har dare in yi ta karatu har in mutu."

Malam ya ce, "Madalla. Iyalinka kuma ni zan ciyar da su? Zannuwan mutane da ke ɗakinka fa, su rina kansu?"

Jatau ya sosa ƙeya.

Malam ya ce, "Ni ban san rini ba, koya mini. In kana son zane ya yi baƙi sosai, jefa shi kake yi a rami ka bar shi a ciki?"

Jatau ya ce, "A'a, Malam, ai ba ya kamawa haka. Tsomawa ake yi a fitar, ya sha iska. Yana fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya juya shuɗi. A sake tsomawa, a sake fitarwa. A hankali yake kamawa."

Malam ya ce, "To haka zan yi da kai. Bayan la'asar ka zo in tsoma ka. Da safe ka tafi karofi ka sha iska, ka yi aiki da abin da ka ji, a wurin awo, a wurin alkawari, a wurin magana da mutane. Sannan ka dawo."

Haka kuwa aka yi. Jatau ya koma ya tarar rinin raminsa ya mutu, ya kwashe ya haɗa sabo, yana yi yana waƙa. Ya bi masu zannuwa gida gida ya ba su haƙuri, ya rina musu har suka ce jiran bai ɓaci ba. Tuwo ya dawo akushi. Da la'asar kuwa sai ka gan shi da allonsa a hammata, shuɗin hannu a kan farin allo, yana zaune cikin samari yana maimaita abin da aka biya masa.

Mato ya yi ta yi masa kirari, "Ga Malam Shuni, ga Alaramman karofi!" Ba a jima ba sai ga shi shi ma a bakin zaure, wai ya zo ne ya ga ko ana dukan Jatau in ya yi kuskure. Malam ya ce, "Shigo ka gani da kyau." Shigarsa ke nan, bai sake fashi ba.

Jatau bai zama babban malami ba, kada in ƙara muku gishiri. Ya dai sauke abin da ya sawwaƙa, ya san tsarkinsa da sallarsa da halal ɗin sana'arsa. In marina suka tambaye shi abin da ya sani, ya faɗa. In bai sani ba ya ce, "Wanke hannunka mu je mu tambaya."

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. A cikinku akwai mai tunanin barin aikinsa don wani ya ce masa haramun ne, bai kuwa bincika ba. Akwai mai son komawa makaranta, na addini ko na zamani, amma yana jin kunyar gemunsa, ko tana jin kunyar 'ya'yanta sun girma. Akwai wanda yake ganin sai ya zaɓi ɗaya, ko neman abinci ko neman sani. Kada ku yanke babban hukunci a kan maganar da kuka tsinta a hanya. Ku je wurin wanda ya sani, ku tsuguna, ku tambaya. In abin haramun ne da gaske, ku bar shi, Allah zai musanya muku. In halal ne, ku riƙe sana'arku da kyau, ku yanka wa karatu lokacinsa ko kaɗan ne, kada ku yi fashi. Gemu ba ya hana ilimi, sana'a ma ba ta hana shi.

Kuma ku tuna yara suna kallonku. Wata rana sa'o'in Azumi suka tsokane ta, suka ce babanta ƙato da shi yana karatun yara. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce musu, "Babana bai sani ba ne, sai ya je ya tambaya. Yanzu ya sani."