Akushin da Sarki Ya Kasa Buɗewa

Akwai wani ƙaramin gari a kan hanyar Fika, ba nisa da Potiskum, inda aka naɗa wani matashi mai suna Bunu sarauta a shekarar 1994, bayan rasuwar mahaifinsa. Kafin rawani, Bunu dillalin shanu ne a kasuwar Potiskum. A can ya san Hajaratu.

Hajaratu bazawara ce 'yar unguwar Hausari. Mijinta direban tirela ne, ya rasu a hatsari a hanyar Kudu. Tun daga lokacin take sayar da tuwo da miyar kuka a wata rumfa kusa da inda ake lodin shanu. Babu wani dattijon garin su Bunu da bai taɓa zama a bencinta ranar kasuwa ya lashe yatsa ba.

Da Bunu ya ce ita zai aura, gari ya ɗauki surutu. Mallam Auta, babban dattijon fada, ya same shi a zaure.

"Ranka ya daɗe, matar da direbobi ke ce wa 'Hajara ƙaro miya', ita za mu durƙusa wa?"

"Baba, ai kai ma kana cewa a ƙaro maka," in ji Bunu yana dariya.

Mallam Auta bai yi dariya ba. Aka ɗaura aure.

To, garin yana da wata al'ada. Juma'ar farko bayan tarewa, amaryar sarki za ta yi tuwo da hannunta, a zuba wa kowace unguwa akushi guda, a kai zaure. Sarki ne zai fara buɗe nasa ya ci a gaban jama'a. Unguwar da ta karɓi amarya za ta cinye nata, ta mayar da akushi da goro a ciki.

Hajaratu ta tashi tun asuba. Ta ƙi yarda kowa ya taɓa mata muciya. Ta yi tuwon da bai taɓa yi mata kyau haka ba.

Bayan masallaci aka jera akusa a zaure. Aka kawo wa Bunu ruwan wanke hannu. Sai Mallam Auta ya sa ƙafa ya ɗan tura akushin unguwarsa gefe, ya naɗe hannuwa. Sauran masu unguwanni suka sunkuyar da kai.

Bunu ya dubi Auta, ya dubi jama'a, ya dubi butar da ke gabansa. Mutanen da ke wurin sun ce da ya miƙa hannu ya yanki loma ɗaya, da yawancinsu sun bi shi, don ƙamshin daddawa ya riga ya cika zauren kuma kowa da yunwarsa. Shi suke jira.

Ya ce a ajiye tukuna, sai an jima.

Da la'asar aka mayar wa Hajaratu da akusa cikin gida, kowanne a rufe, tuwon ya sandare. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga faifai. Bunu ya shigo yana gyara rawani.

"Ki yi haƙuri, Hajara. Mutane ne, a hankali za su sauko."

"Na mutane na gani, ban yi mamaki ba," ta ce. Ta nuna akushin da ke da zanen gidan sarauta. "Wannan fa, na wace unguwa ne?"

Akushin Bunu ne, ko loma ɗaya bai yanka ba.

"Da gari duka ya ƙi ni kai ka ci, da na zauna har su gaji. Ka sallame ni, ranka ya daɗe."

Ya roƙa, ya aika mata iyaye mata. Ta ƙi. Bayan idda ta koma rumfarta.

Bunu ya zaci ya tsira da rawaninsa. Da damina ta zo, rikici ya tashi tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali, ya yanke hukunci, babu wanda ya bi. A bakin kasuwa yara ma sun san abin da ake cewa: sarkin da ya ji tsoron tuwon matarsa. Duk mai ƙara ya koma zauren Mallam Auta. Rawani yana kan Bunu, gari yana hannun wani.

Dattawan kuwa ba su daɗe ba suka koma bencin Hajaratu. Wata ranar kasuwa Mallam Auta da kansa ya zauna, ya share kwano, ya suɗe yatsa.

"Kai, 'yar nan, tuwonki babu irinsa a Potiskum."

"Shi ne dai na ranar Juma'ar nan, Baba," ta ce tana kwashe kwanon. "Tukunyar ma ban sake ba."

A tsallaken titi wata tsohuwar mota Fijo tana tsaye, gilas a rufe. Kowace ranar kasuwa takan zo ta tsaya a wurin. Kowa ya san motar Bunu ce, amma bai taɓa fitowa ba.

Darasi: Idan ka zaɓi mutum, ka tsaya masa a gaban jama'a, don kai suke kallo kafin su yanke nasu hukunci. Wanda ya sadaukar da nasa don a so shi, nasa ɗin zai tafi, masu zugar kuma su raina shi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda akushi ke gabansa yau bai buɗe ba.