Sunan da Sarki Jatau Bai Taɓa Kira Ba

A wani zamani mai tsawo, tun duwatsu ba su gama ƙarfi ba, an yi wani sarki a Birnin Gawo mai suna Jatau, kyakkyawan da in ya ratsa gari mata kan manta da tuwo a kan wuta. Ana nan sai annobar agana ta shigo birnin. Ta kwantar da sarki, ta bar shi da zanzana da ido ɗaya, ta kuma ɗauke Gimbiya Tasalla, 'yarsa ta fari, wadda saboda alkunya bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan".

Da ya tashi daga jinya sai ya ja amawali har gindin ido. In maroƙa suka yi masa kirari yakan waiga yana neman wanda ake yi wa, domin ji yake an binne Jatau tare da 'yarsa. Fada ta yi sanyi, shari'a ta tsaya.

Ran nan ya fita shi kaɗai, ya keta daji har Tafkin Shuni, mazaunin wata tsohuwar aljana. Ta miƙo masa ƙwaryar azurfa cike da ruwa, ga tsohuwar fuskarsa a ciki, sumul, tana murmushi.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "wanke fuska ka koma yadda kake. Ladana kaɗan ne, sunan 'yarka. Ai ba ka taɓa morar sa ba. In na karɓa, ko a mafarki ba za ka ƙara tuna ka haife ta ba."

Sarki ya daɗe yana duban fuskar nan. Ya gane ita ce mai kau da kai duk sa'ad da yarinyar ta durƙusa gaisuwa.

"Ya ke mai tafki," ya ce, "wannan mutumin ya samu 'ya bai kira ta ba. Riƙe abinki." Sa'an nan ya ɗaga murya: "Tasalla!"

Tafki ya yi tsit. Can daga hayi wata siririyar murya ta ce, "Na'am, Baba." Ƙwarya ta tsage.

Ya koma birni fuska a buɗe, ya zauna shari'a, daga baya ya auri Kulu, wadda annobar ta raba da mijinta. Amma har ya bar duniya, kullum da magariba yakan tsaya a ƙofar ɗakin gimbiya ya kira sunan, ya ɗan saurara. Bayin gidan kuwa suka daina bi ta nan a wannan lokaci, domin akwai waɗanda suka rantse sun ji ana amsawa.