Ranar da Auta ta wanke sulallan Baba

Akwai wani dattijo, tsohon mai gyaran agogo, da 'yan unguwa ke kira Baba Mai Sulalla. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, ba shi da abokin hira sai tsofaffin sulallan da ya yi shekaru yana tarawa.

Kuma fa ya san abinsa. Ya jefa sule a kan tebur, daga ƙararsa zai gaya maka azurfa ce ko jabu. Wanda ya fi ji da shi shi ne wani da inji ya yi kuskure ya buga sau biyu, shekarar da ke jiki ta fito da 'yar inuwa. Sai ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido ya yini yana kallonsa, har magana yake yi masa.

Mutum ɗaya ce ke leƙo shi, autarsa. Duk ƙarshen mako za ta zo ta share ɗaki, ta canza zanin gado, ta yi masa tsiyar cewa sulallan nan sun fi ta gata a gidan.

Wata rana ta zo ta tarar ya tafi asibiti awon jini, ya bar akwatin sulallan a buɗe. Ta ga sulalla sun yi baƙi ƙirin, sai tausayi ya kama ta. A ganinta dauɗa ce, don babu Mama da za ta kula. Ta samo lemon tsami da toka da soson ƙarfe, ta zauna ta gurje su ɗaya bayan ɗaya har suka ɗauki ido.

Baiwar Allah ba ta san cewa a wajen masu tara sulalla wannan baƙin shi ne shaidar tsufa ba. Ka gurje shi, daraja ta zube, mai saye ma sai ya yi zargin jabu ne. Ita kuwa inuwar nan, soso ya cinye ta.

Baba ya dawo ya same ta tana murmushi, ta jera su a faranti. Ya ɗauki na gaban goshin nasa ya duba.

"Wa ya aike ki?" ya ce. "Daga yau kada ki ƙara taɓa abin da ba ki san darajarsa ba a ɗakin nan."

Ta ba shi haƙuri, ta ɗauki jakarta ta fita.

Makonni suka shuɗe. Takan kira ta gaishe shi a gajarce, abinci kuma sai a aike. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai agogunan bango. Kaɗaici ya ishe shi, ko akwatin ya daina buɗewa. Daga ƙarshe girman kai ya sauka, ya kira ta ya ce yana son ganinta.

Ta zo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna a bakin kujera, hannuwa a cinya kamar baƙuwa. Ga ƙura a tebur, ga kofuna a ƙasa, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Ya ce, "Auta, ɗan gyara mini ɗakin mana, kamar da."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ka bar shi haka. Ni ban san mai daraja da marar daraja ba a ɗakin nan."

Dattijon nan ya dube ta, sai hawaye.

Darasi: Kafin ka yi wa wanda ya yi maka ɓarna faɗa, duba niyyar da ta kawo shi. Kaya idan sun lalace ana haƙura, amma kalma ɗaya takan mayar da ɗanka baƙo a gidanku. Ku tura wa wani, wataƙila yau yake shirin faɗin irin wannan maganar.