Baƙon da Ya Ji Kunyar Sunan Ubansa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can ƙasar Yunanawa inda teku ya kewaye duwatsu, an yi wani sarki adali mai suna Nikandaros, mai mulki da wadata, amma baƙin ciki ya hana shi sakat. Mutanen ƙasar aljanu suke bauta wa, waɗanda ke zaune bisa wani dutse mai tsawo, suna kiransu alloli. Alloli fa! Babbansu shi ne Sarkin Tsawa, wanda ya kafa wa mutane doka cewa baƙo in ya sauka, ba a tambayar sunansa sai ya ci ya ƙoshi, shi kuma in ya ci, wajibi ne ya faɗi sunansa da na ubansa ba ƙarya.

To, mai dokar shi ya fara take ta. Ya rikiɗa ya zama tsohon matafiyi, ya sauka a fadar Nikandaros, ya ci ya sha, ya ba da sunan ƙarya, sannan ya nemi Gimbiya Melanti, 'yar sarki tilo, da lalata. Da ta ƙi, sai ya mayar da ita dutse a ƙofar fada, ya aika wa bokayen gari cewa alloli ta zaga. Tun daga nan duk mai wucewa sai ya tofa wa dutsen yawu, uban yana kallo ba damar magana.

Sarkin Tsawa yana da ɗa mai suna Timayos. Wata rana a wajen walima, giya ta ɗebi uban, ya kwashe labarin kaf ya faɗa wa sauran alloli, ya ƙara da cewa, "Haka za ta tabbata, sai ran da jinina ya tona laifina gaban 'yan Adam. Wanda ya yi haka kuwa ya zama mai mutuwa kamarsu. Wa zai yarda?"

Suka bushe da dariya. Timayos ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige don kunya.

Ya sauko daga dutsen alloli, ya keta teku cikin hadari da guguwar da ubansa ya turo masa, har ya isa birnin a galabaice. A ƙofar fada ya ga wata tsohuwa ta tofa wa dutsen yawu ta wuce abinta. Ya sa gefen alkyabbarsa ya share fuskar.

Aka shigar da shi gaban sarki, aka kawo gurasa da zaitun da gasasshen kifi da zuma. Timayos ya zauna ya zuba wa akushi ido, yunwa na cin sa, amma ya kasa kai hannu, har abincin ya huce.

Sarki ya ce, "Ya kai baƙo mai daraja, ko abincinmu bai yi maka ba ne?"

Timayos ya ce, "Ranka ya daɗe, ba abincin ba ne. Tambayar da ke bayansa nake tsoro."

Sarki ya nisa ya ce, "Ci, ɗana. Na taɓa ciyar da wani baƙo, a ranar kuma 'yata ta zama abin da ka gani a ƙofa. Duk da haka ban rufe gidana ba, domin dokar Sarkin Tsawa ce, shi kuwa ba ya zalunci."

Kai! Gara a ce mari sarki ya sharara masa da wannan magana. Hawaye suka zubo masa. Ya gutsuri gurasa ya ci, ya miƙe gaban fadawa ya ce, "Sunana Timayos, ɗan Sarkin Tsawa. Ubana ne baƙon nan naka. Ya ci abincinka, ya yi maka ƙarya, ya nemi 'yarka da alfasha. Ba ta zagi kowa ba. A'a kawai ta ce."

Nan take aradu ta faɗi, fada ta girgiza, Timayos ya ji sanyin mutuwa ya ratsa ƙashinsa a karo na farko. A waje dutsen ya dare, Melanti ta fito da ranta. Ta dubi jama'ar da suka taru ta ce, "Ina jin kowa, ina ganin kowa. A ba ni ruwa in wanke fuskata." Babu wanda ya iya ɗaga kai.

Sarki ya kori bokayen, gari ya zauna lafiya. Melanti da kanta ta zaɓi mutumin da ya share mata fuska, aka ɗaura musu aure, aka yi biki na ƙasaita. Sarkin Tsawa kuwa ko haƙuri bai aiko ba.

A wajen bikin, mai shela ya ɗaga murya zai yi wa ango kirari da sunan ubansa, sarki ya ga surukinsa ya sunkuyar da kai, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da mai shelar. A ranar ya sake doka. Daga nan, a birnin Nikandaros, baƙo in ya ci ya ƙoshi sunansa kaɗai ake tambaya, ba a tambayar na ubansa.